Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Sifikar Falo da Monitar Situdiyo Idan Kuɗin Kaɗan Ne

Duk wanda ya shiga kasuwa neman sifikar sauraro a gida, tambayarsa ɗaya ce: wacce ta fi daɗin sauti? Tambayar ba ta da amsa sai an san abu uku, wato nisan da ke tsakanin kunnenka da sifikar, na'urar da sautin zai fito daga cikinta, da irin wutar da ke gidanka. Sunan da aka buga a kwali ba ya yanke hukunci. Yamaha NS-10 da ta fito a 1978 sifikar gida aka ƙera ta, amma ta ƙare a kan teburan situdiyo na duniya. LS3/5A kuwa BBC ce ta tsara ta don ma'aikatanta su riƙa duba sauti a ƙananan wurare irin motocin watsa shiri, ga ta nan ta zama abin marmari a falon masu son kiɗa. Don haka a bi abin mataki-mataki.

Mataki na farko: bambance iri ukun da ke kasuwa

Mutane suna cewa iri biyu ne, amma uku ne, kuma rashin sanin na ukun shi ke sa a sayi abin da ba a yi niyya ba.

Na farko ita ce sifika zalla, wadda ake rubuta wa passive a kwali. Akwati ne mai wufa, wato babban faifan da ke ba da kaurin sauti, da tiwita, ƙaramin da ke ba da siririn sauti, sai wani ɗan allo a ciki mai raba musu aiki. Ba ta da wayar wuta. Dole sai da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika. Misalanta masu sauƙin kuɗi su ne Micca MB42X mai wufa inci 4, Polk T15, Sony SS-CS5, Wharfedale Diamond 12.1, Q Acoustics 3020i, da Elac Debut B6.2 mai inci 6.5.

Na biyu ita ce monitar situdiyo ta gaskiya, wato sifikar da ake duba sauti da ita a situdiyo, mai rubutun active. Kowane akwati yana da wayar wutarsa da amfilifaya biyu a cikinsa, ɗaya na wufa ɗaya na tiwita, kuma ana raba sautin tun kafin ya isa amfilifayar. JBL 305P MkII tana da wat 41 na wufa da wat 41 na tiwita. Yamaha HS5 tana da 45 da 25. A wannan sahu akwai KRK Rokit 5, Adam T5V da Kali LP-6.

Na uku kuma a kira ta uwa da 'ya. Amfilifaya ɗaya ce a cikin akwati ɗaya, sai waya ta tafi zuwa ɗayan wanda ba shi da komai sai faifai. Edifier R1280T, PreSonus Eris 3.5 da Mackie CR3-X duk haka suke. Wasu ana rubuta musu "monitor" a kwali, amma a tsarin ciki sun fi kusa da sifika zalla da aka saka wa ƙaramar amfilifaya. Ba aibi ba ne. Su ne mafi sauƙin haɗawa, kuma ga ɗakin kwana ko teburin karatu suna biyan buƙata. Sai dai kada a sa musu ran da ake sa wa JBL ko Kali.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Juya bayan akwatunan biyu ka ƙirga ramin wayar wuta. Babu ko ɗaya: zalla. Ɗaya: uwa da 'ya. Biyu: monita.

Mataki na biyu: ɗauko tef ka auna

Zauna inda ka saba zama, a auna daga kanka zuwa inda sifikar za ta tsaya. Idan mita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, kamar mai zama gaban kwamfuta, monita mai inci 5 ce ta fi dacewa, don don wannan nisan aka ƙera ta. Idan mita biyu da rabi ne zuwa huɗu, kamar kujerar falo da talabijin, sifika zalla mai inci 5.25 ko 6.5 da amfilifaya mai rimot ta fi sauƙin zama da ita. Monita mai inci 6.5 ko 8 ma za ta cika falon, amma za ka ga wahalarta a mataki na gaba.

Dalilin shi ne sauti yana raguwa da kusan desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka a fili, ko da yake a cikin ɗaki bango yana mayar da wani abu. Ƙaramar wufa da ke wasa da aikinta a mita ɗaya, a mita uku sai ta yi ta nishi.

Mataki na uku: rubuta duk abin da za ka jona

A nan yawancin masu sayen monita suke yin da-na-sani. Monita irin JBL 305P ko HS5 ba ta da rimot, ba ta da Bluetooth, ba ta da ramin USB, kuma maɓallin ƙarar kowace yana bayanta. Ramukan shigar sautinta XLR ne, wato zagayayyen rami mai ƙafa uku irin na makirufo, da babban jak na milimita 6.35. Adam T5V da Kali LP-6 sun ƙara da ramin RCA, irin jan da farin ramukan bayan talabijin, wanda ke sauƙaƙa wa mai kayan gida. Ko ta yaya, kana buƙatar wani abu a tsakiya da zai riƙe ƙarar duka biyun a hannu ɗaya: ko akwatin sauti na USB irin Focusrite Scarlett ko Behringer UMC202HD, ko ƙaramar DAC, wato na'urar da ke mayar da sautin dijital zuwa wanda sifika ke karɓa, mai maɓallin ƙara, ko akwatin sarrafa ƙara irin Mackie Big Knob Passive.

Idan kwamfuta kaɗai za ka jona, wannan ba matsala ba ce. Amma idan akwai talabijin, dikoda, wayar maigida, wayar uwargida da ta yara, kowa yana son ya danna ya ji, amfilifaya mai ramuka da yawa ita ce zaman lafiya. Yamaha A-S301 tana da ramin optical na talabijin da na faifan garmaho, tana ba da wat 60 kowane ɓangare a om 8 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke turje wa wuta). Sony STR-DH190 tana da Bluetooth da rediyo amma ba ta da optical. Ƙananan nan masu girman tafin hannu, irin Fosi BT20A da Aiyima A07, su ne mafi araha, sai dai ramukansu kaɗan ne.

Mataki na huɗu: yi lissafin kuɗin gaba ɗaya

Tarkon farko: monitocin situdiyo da yawa ɗai-ɗai ake sayar da su. Farashin da ka gani na JBL 305P, HS5 ko Rokit galibi na akwati guda ne. Tambayi mai kaya baro-baro, guda ne ko biyu. Sifika zalla da uwa da 'ya kuwa yawanci bibbiyu suke zuwa.

Sai ka jera lissafi biyu a takarda. Na sifika zalla: akwatuna biyu, amfilifaya, wayar sifika mita shida zuwa goma, wayar shigar sauti, da mazauni idan babu inda za a ɗora. Na monita: akwatuna biyu, akwatin sauti ko DAC, wayoyi biyu na TRS, wato jak mai zobe biyu, ko XLR, soket mai ramuka aƙalla uku, da soson da za a ɗora su a kai.

Idan jimillar ta zo kusa da juna, a kan tebur monita ta fi ba da sauti mai gaskiya, domin kamfanin ne ya daidaita amfilifayar da faifan da hannunsa, kuma akwai kariya a ciki da ke hana a ƙona ta da sauƙi. Sifika zalla kuma tana da abin da monita ba ta da shi: in amfilifaya ta mutu, ita kaɗai za a canza, akwatunan suna nan shekara da shekaru. In allon cikin monita ya ƙone, sai an samo irinsa sak, kuma ba kowane mai gyaran rediyo ne zai taɓa ƙananan allunan zamani ba. Ga wanda wutar unguwarsu take hawa da sauka, wannan magana tana da nauyi.

Mataki na biyar: karanta lambobin kwali da idon basira

Wat shi ne abin da mai kaya ke fara faɗa, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani. Duk inda ka ga PMPO da dubban wat, ka ɗauke kai, talla ce. Abin dubawa shi ne RMS, wato wat ɗin da take iya bayarwa a kai a kai, a om nawa, kowane ɓangare.

Ga yadda za ka kama ƙaryar da kanka. Ƙaramar amfilifaya da aka rubuta wa wat 100 sau biyu, duba adaftarta. Idan an rubuta 24V da 4.5A, ninka su: wat 108 ke nan gaba ɗaya, ba za ta haifi 200 ba. Kuma da wutar 24V, abin da za ta iya tura wa sifika mai om 8 kafin sauti ya fara fashewa bai wuce wat 36 ba. Labari mai daɗi shi ne wannan ma ya isa.

Lambar da ta fi muhimmanci ga sifika zalla ita ce ƙarfin jinta, wanda ake rubutawa kamar 87 dB. Ma'anarsa idan aka ba ta wat ɗaya, a nisan mita ɗaya za ta ba da desibel 87. Kowane ninkin wat yana ƙara desibel 3 kacal. Sai an ninka wat sau goma kafin a samu ƙarin desibel 10, wanda kunne ke ji kamar ƙara ta ninka. Ɗauki Elac B6.2 mai 87 dB, ka zauna a mita biyu: cire 6, saura 81. Sifika ta biyu ta ƙara kusan 3, ya zama 84, da wat ɗaya tak. Wannan ƙara ce da sai an ɗaga murya kafin a yi hira. Bar sarari na desibel 15 saboda bugun ganga da ke tashi kwatsam, wat 30 da 'yan kai ke nan. Saboda haka amfilifaya mai wat 30 zuwa 60 na gaskiya ta wadatar da falo matsakaici. A tuna kuma, ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu.

Sai om. Yawancin ƙananan sifikun nan 6 ne ko 8. Mai om 4 tana jan wuta ninki biyu na mai 8, don haka duba bayan amfilifaya ka ga mafi ƙarancin om da ta yarda da shi. Kada a haɗa sifika biyu masu om 6 a kan rami ɗaya, don jimillarsu za ta faɗo zuwa 3, amfilifaya ta yi zafi ta kashe kanta.

Game da zurfin bes, wato kaurin sauti, wanda ake aunawa da Hz (ƙaramar lamba ita ce sauti mafi kauri), wufa mai inci 5 takan sauka zuwa wajen 50 Hz, HS5 an rubuta mata 54. Mai inci 4 ba ta kai nan ba. Kirtani mafi kauri na jitar bes 41 Hz yake. Ma'ana babu ɗaya cikinsu da za ta girgiza ƙirji kamar sifikar gidan biki, kuma duk mai kayan da ya ce za ta yi, ciniki yake nema.

Mataki na shida: gwada su gaba da gaba

Wannan shi ne matakin da ake yi ba daidai ba. Kunne yana ɗaukar wadda ta fi ƙara a matsayin wadda ta fi daɗi, ko da bambancin desibel ɗaya ne. Mai shago ya san wannan ko da bai san sunansa ba. Don haka:

1. Sauke sautin gwaji da ake kira pink noise a wayarka, da manhajar auna ƙara a wata wayar.
2. Ajiye wayar awon a daidai inda kanka zai kasance. Kunna sautin a kan sifikun farko, daidaita zuwa desibel 75. Yi haka ga na biyu, kada bambanci ya wuce rabin desibel. Manhajar ba lallai ta faɗi ainihin lamba ba, amma tunda ita ce ta auna duka biyun, ya wadatar.
3. Mayar da maɓallan bes da na siririn sauti tsakiya, kashe duk wani ƙarin armashi a wayar.
4. Sa kowace a wuri ɗaya da tsayi ɗaya. Wadda ke kusurwa za ta fi bes ko da ba ta fi kyau ba.
5. Yi amfani da abin da kunnenka ya haddace, daƙiƙa talatin-talatin, kana sauyawa da sauri.

Fara da muryar mutum, karatun Alƙur'ani ko mai karanta labarai, domin babu sautin da kunne ya sani kamar murya. Idan namiji ya yi kamar yana magana daga cikin randa, akwatin yana kumbura sautin wajen 100 zuwa 200 Hz. Idan harafin "s" da "sh" suna yanka kunne, tiwitar ta yi kaifi, kuma abin da ya burge ka a minti biyar zai gajiyar da kai a awa ɗaya. Sai kalangu ko kotso: ya kamata ka ji bugun da kuma lanƙwasar muryar gangar daban-daban, ba dum-dum ɗaya ba. Sai goge ko algaita, waɗanda suke tona asirin sifika mai tsawa a tsakiya. A ƙarshe tashi tsaye, matsa gefe taku biyu. Sifika mai kyau sautinta yana raguwa ne kawai, ba ya sauya kama. Binciken da Floyd Toole ya jagoranta a Kanada, daga baya a kamfanin Harman, ya nuna cewa idan aka ɓoye sifika bayan labule, yawancin mutane suna zaɓar wadda ba ta ƙara komai ba ta rage komai, wadda kuma sautinta na gefe ya yi kama da na gaba. Wannan ya rushe zancen da ake yi cewa monita ta aiki ce kawai, ba ta daɗin sauraro.

Kafin ka bar wurin, dakatar da kiɗan ka kai kunne kusa da tiwitar monitar. Yawancin masu araha suna da ɗan huci mai "sss" ko ba a kunna komai. A ƙafa ɗaya ana jinsa, a mita ɗaya ya kamata ya ɓace. Idan za ka zauna kusa sosai a ɗaki mai shiru da dare, wannan hucin zai iya damunka, kuma ba ya gyaruwa. JBL 305P ta yi suna da shi.

Mataki na bakwai: haɗawa

Ga sifika zalla, nemi wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5mm idan tsawon bai wuce mita biyar zuwa shida ba, 2.5mm idan ya fi haka. Wayar tsada ba ta ƙara komai. Abin gudu shi ne waya siririya kamar gashi, da wadda aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa, in ta yi fari a ciki, alminiyam ce, sai a ƙara kauri. Fere santimita ɗaya, murɗe zaren sosai, ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a duka ɓangarorin. Zare ɗaya da ya kuɓuce ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya kashe amfilifaya, don haka a yi aikin wuta a kashe.

Idan aka juya waya a ɓangare ɗaya, babu abin da zai ƙone, amma bes zai gudu, murya kuma ta rasa tsakiya, ka ji kamar tana yawo a bayan kunne. In kana shakka, cire wayar daga amfilifaya, taɓa ta da batirin tocila na 1.5V na ɗan lokaci. Idan kan batirin yana kan ja, wufa za ta turo waje. Duka biyun su turo iri ɗaya.

Ga monita, daga akwatin sauti ja waya biyu masu TRS, wato jak mai zobe biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Wannan haɗin yana kashe hayaniyar da waya ke kwasowa a hanya. Idan kai tsaye daga waya ko kwamfuta ne, nemi waya mai ƙaramin jak na 3.5 a kai ɗaya, ta rabu gida biyu masu babban jak mai zobe ɗaya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sayen waya mai ƙaramin jak a kai ɗaya da XLR guda a ɗaya kan. Monitar za ta cire sautin dama daga na hagu, muryar mawaƙi da bes su ɓace, a bar ka da amo kamar daga rijiya. Ba monitar ce ta lalace ba.

A bayan JBL akwai makunni mai +4dBu da -10dBV. Na farko na kayan situdiyo ne masu ba da kusan volt 1.2, na biyu na kayan gida ne masu rauni. Da waya ko talabijin, zaɓi -10. Daidaita maɓallin ƙarar monitocin biyu a wuri ɗaya, ka bar su, ka riƙa sarrafawa daga tushe.

Idan talabijin za a jona ta optical, shiga saitin sautinta ka mayar da shi PCM. In aka bar shi a Dolby, ƙananan DAC da amfilifaya ba sa fahimtarsa, sai shiru ko ƙara mai ban tsoro. Bluetooth kuma yakan sa baki ya riga murya a fim, don haka talabijin waya ta fi mata.

Mataki na takwas: wurin ajiyewa

Ɗaki yana canza sauti fiye da bambancin da ke tsakanin sifiku biyu masu farashi ɗaya. Yi alwatika mai gefe daidai: tazarar sifikun biyu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa kanka. Tiwita ta yi saiti da kunne idan kana zaune, wanda ga kujerar falo yakan buƙaci mazauni mai tsayin santimita 60 zuwa 70. Karkato su kaɗan su dube ka. Kada a kwantar da su a gefe, kada a cusa su cikin kabad, kuma in a kan kanta za a ɗora, a jawo su har fuskarsu ta zo daidai bakin katakon.

Duba inda ramin iskar akwatin yake, wato ramin da ke taimaka wa bes fitowa. JBL 305P, HS5 da Adam T5V nasu a baya yake, suna son aƙalla tazarar ɗani ɗaya daga bango. Kali LP-6, Rokit da Elac B6.2 nasu a gaba yake, sun fi haƙuri da matsatsi. Bango yana ƙara bes, kusurwa ta fi ƙarawa. A nan monita ta yi zarra, don tana da makunnin rage shi: a HS5 ana kiransa Room Control mai -2 da -4, a JBL kuma Boundary EQ. Ga sifika zalla, sai a rage bes a amfilifaya, ko a toshe ramin da ɗan soso.

Akwai wani lissafi mai amfani. Sautin da ya koma bangon baya ya dawo yana soke wani sashe na bes. Raba 343 da ninki huɗu na tazarar fuskar sifika zuwa bango a mita. Santimita 60 yana soke wajen 143 Hz, mita ɗaya yana soke wajen 86 Hz, wanda shi ne cibiyar bugun ganga. Shi ya sa wani ya jawo sifika tsakar ɗaki ya ji bes ya ragu, ya ƙara maɓalli bai dawo ba. Maganinsa matsawa, ba ƙara wuta ba.

Ɗakin ƙafa 12 da 12, wanda ya yi yawa a gidajen haya, shi ne mafi wuyar sha'ani. Tsawo da faɗi duka suna kumbura sauti ɗaya, wajen 47 Hz, sai ka ji wani bugun yana ruri wani kuma ya ɓace. Kada ka zauna a tsakiyar ɗakin cif, kada kuma ka jingina kai da bangon baya. Wajen kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin wuri ne mai kyau na farawa. Sai ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji ƙara tana bin bayan tafin, tayil da siminti ne ke aikinsu. Kafet mai kauri tsakaninka da sifika, labule mai nauyi, kujerun kushin da kantar littattafai suna yin maganin da sabuwar sifika ba za ta yi ba. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa ɓata ɗaki ne kawai.

Mataki na tara: wuta

Karanta rubutun da ke kusa da ramin wuta kafin ka jona komai. Najeriya da Gana 230V suke, Nijar 220V, duka a 50 Hz. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka 120V suke so. In an rubuta 100–240V, babu damuwa. In 120V kaɗai aka rubuta, kamar yadda ake samu a manyan amfilifaya da wasu monitoci na hannu da suka fito daga can, jona su kai tsaye ƙonewa ce nan take. Sai da taransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya ninka abin da na'urar ke ja.

Sa sitabilaiza da soket mai kariyar tsawa. Idan inbata ce, ta zama mai tsabtatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa pure sine wave, domin ɗayar tana sa taransifoma kuka da zafi, kukan kuma ya fito ta sifika. Amfilifaya ajin D, irin ta cikin JBL da Fosi, ba ta cin wuta sosai kuma ba ta zafi, ta fi dacewa da mai sola. Ajin AB, irin ta HS5 da manyan amfilifaya, tana ɗumi ko ba a kunna kiɗa ba, a bar mata iska. Wajen kunnawa, tushe ne farko, sifika ce ƙarshe. Wajen kashewa a juya. In an ɗauke wuta, kashe makunnin kafin a tayar da janareta. Lokacin hunturu a rufe su da kyalle idan ba a amfani da su, amma sai sun huce.

Idan wani abu ya ƙi

Gurnani mai kauri da ba ya tsayawa, wanda ba ya canzawa da ƙara, yawanci saɓanin wayar ƙasa ne tsakanin na'urori. Jona kwamfuta, akwatin sauti da monitocin duka a soket ɗaya. In cire cajar laftof ya kashe gurnanin, ka gano mai laifi, maganinsa wayar TRS ko XLR, ko ƙaramin akwatin raba ƙasa da ake sawa a layin sauti. Wayar eriya ko ta dikoda ma tana kawo shi. Kada a karya ƙafar ƙasa ta filogi don a kashe gurnani, ita ce ke tsakaninka da jan wuta.

Tsit-tsit da ke bin motsin linzamin kwamfuta daga ramin sautin cikinta yake, DAC ta waje tana kawar da shi. Sauti mai fashewa idan an ƙara, amfilifaya ce ta kai maƙura, kuma wannan fashewar ita ke ƙona tiwita. Ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa ta fi babba kashe sifika. Da ka ji ya fara kaushi, rage. In tebur yana rawa da bes, sa soso mai tauri ko roba a ƙarƙashi, ka ɗaga gaban kaɗan ya dubi kunne.

Sayen ta hannu

Sifika zalla ita ce ta fi aminci a kasuwar kayan hannu, don abin lalacewa a cikinta kaɗan ne. Duba zoben da ya kewaye wufa: na roba yana daɗewa, na soso yana ruɓewa da shekaru, in ka taɓa ya marmashe sai an canza. Sa yatsu huɗu kewaye da tsakiyar faifan ka tura a hankali. Ya shiga ya fito sumul, in ka ji karce, nadin wayar ciki ya ƙone. Ɗora mitar masu gyara a kan ramukan baya, mai om 8 za ta nuna wajen 5 zuwa 7, kuma akwatunan biyu su nuna kusan abu ɗaya. Kunna kiɗa a hankali ka kai kunne kan kowace tiwita, don matacciyar tiwita ita ce aibin da aka fi ɓoyewa. Monita ta hannu kuwa a bar ta a kunne minti ashirin zuwa talatin ana kiɗa, domin allon da ya gaji sai ya yi zafi yake fara ɗaukewa.

Sabwufa, wato akwati na daban mai ba da bes mafi zurfi kaɗai, a bar ta sai an zauna da sifikun wata ɗaya. In har ana so, a raba aiki a 80 Hz, ƙasa nata, sama nasu. Masu monita su nemi wadda sauti ke ratsawa ta cikinta ya wuce, irin JBL LSR310S ko Yamaha HS8S. Masu sifika zalla su tabbatar amfilifayarsu tana da ramin sabwufa, ko sabwufar tana karɓar wayar sifika kai tsaye. A ɗaga ƙararta har a fara jin inda take, sannan a rage kaɗan.